Tsofaffin gine-ginen Legas: abin da ya rage, abin da aka rushe, da inda tarihinmu ya shiga ciki

A Agege aka haife ni, mahaifina ɗan goro ne, ni kuma abincina ya kai ni cikin Tsibirin Legas, wajen Idumota, inda na yi shekaru ina harkar yadi. Kullum in na sauko daga danfo nakan ratsa ta Dandalin Tinubu, kuma akwai wani tsohon gidan bene a gefen dandalin da idona ya saba da shi har na daina ganinsa. Ƙofofinsa da tagoginsa masu baka ne, barandarsa ta ƙarfe mai ado, fentinsa duk ya ƙoƙe. Da muka dawo kasuwa bayan Babbar Sallar 2016, sai na tarar da fili da tarin ɓaraguzai. Wallahi sai a ranar na tambayi sunan gidan. Aka ce mini Ilojo Bar ke nan, kuma ya haura shekara 160 a tsaye.

Tun daga lokacin na shiga bin tsofaffin gine-ginen garin nan ina tambaya, ina karantawa. Abin da na tara shi ne na kawo a nan, don ɗan'uwa mazaunin Kudu ya san abin da yake wucewa ta gabansa kullum, ya kuma san cewa wasu daga cikin gine-ginen nan akwai sawun kakanninmu a jikinsu.

Su wa suka gina tsohuwar Legas?

Kafin a gane gine-ginen, sai an san mutanen. Masu gari su ne mutanen Isale Eko, inda fadar Oba take, wadda ake kira Iga Idunganran. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko suka mayar da Akitoye. A 1861 Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa Legas ga Ingila. Daga nan baƙi suka yi ta kwarara.

Kashi na farko su ne Saro, wato 'yantattun bayi da zuriyarsu da suka dawo daga Saliyo, suka zauna a Olowogbowo. Kashi na biyu su ne Aguda, waɗanda suka dawo daga Birazil da Kyuba, suka zauna a unguwar da ake kira Popo Aguda, wajen Dandalin Campos. Su ne suka zo da sana'ar gini da kafinta da ƙirar ƙarfe, kuma salon da ake kira ginin Birazil nasu ne: bene na jan bulo, adon filasta a goshin gida da gefen taga, baranda ta ƙarfe, ga ɗaki a ƙarƙashin rufi.

A nan akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba. Cikin bayin da aka kai jihar Bahiya ta Birazil akwai Hausawa masu yawa, kuma sun yi suna wajen tawaye tun daga 1807. A 1835 bayi da 'yantattu Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salbado. Da aka murƙushe shi, sai hukuma ta shiga korar 'yantattun Afirka, wasu kuma suka tattara nasu ya nasu da kansu. Wannan na cikin abin da ya buɗe hanyar dawowa gaɓar Afirka ta Yamma. Ka ga ke nan ba duk Aguda ne Kirista ba, akwai Musulmi a cikinsu tun farko.

Ilojo Bar

An gina shi wajen 1855. Sunansa na farko Casa do Fernandez, wato gidan Fernandez. A 1933 wani attajiri mai suna Alfred Olaiya ya saye shi, shi ya sa wasu ke ce masa Gidan Olaiya. A 1956, tun kafin a samu 'yancin kai, gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, waɗanda doka ta hana a taɓa. Duk da haka, ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, lokacin da kasuwa ta watse ofisoshi suna rufe, aka kawo katafila aka kwantar da shi cikin 'yan sa'o'i. An yi surutu, hukumomi sun yi tir, jaridu sun rubuta, amma gini dai ya riga ya tafi. Darasin da na ɗauka shi ne, sa gini a takardar gwamnati ba ya tsare shi in babu masu ido a kansa.

Masallacin Shitta-Bey

In ka shiga titin Martins, tsakiyar hayaniyar 'yan kasuwa, za ka ga wani ɗan masallaci mai ado a goshi, wanda benaye suka yi wa rumfa ta ko'ina. Shi ne Masallacin Shitta-Bey. Muhammadu Shitta, wanda aka haifa a Saliyo, shi ya ba da kuɗin gina shi. Ya tara dukiyarsa ne a fatauci, kuma ya daɗe yana kasuwanci a Egga, a bakin kogin Kwara, ƙasar Nufe. Maginin da ya jagoranci aikin Ba'agude ne, João Baptista da Costa. An fara a 1891, aka buɗe ranar 4 ga Yuli 1894.

Bikin buɗewar ba ƙarami ba ne. Gwamnan Legas na lokacin, Gilbert Carter, ya halarta. Sarkin Santambul, Sultan Abdulhamid na Biyu, ya aiko da wakili, wani lauya Bature da ya musulunta mai suna Abdullah Quilliam, ya kawo wa Shitta lambar girma da sarautar Bey. Daga nan sunan Shitta-Bey ya samo asali. Shitta kuma shi ne ya riƙe sarautar Seriki Musulumi na Legas. Duk Bahaushen da ya ji wannan suna ya san daga bakin wa aka aro shi. Ya rasu a 1895, shekara ɗaya da buɗe masallacin. A 2013 aka sa ginin cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, kuma har yau ana salla a ciki. Ni kaina na sha yin Azahar a wurin kafin in san tarihinsa.

Babban Masallacin Legas

Wannan labarinsa daban ne. Tsohon babban masallacin da ke titin da a da ake kira Victoria, yanzu Nnamdi Azikiwe, an kammala shi a 1913, shi ma da salon ginin Birazil. Jama'a ta yi masa yawa, sai al'ummar Musulmi da kanta ta yanke shawarar a rushe shi a farkon shekarun 1980. Aka gina sabon mai hasumiya huɗu, Janar Ibrahim Babangida ya buɗe shi a 1988.

To, a nan ba ɗan kwangila ne ya zo da dare ba, masu abu ne suka yi da abinsu, kuma da dalili mai ƙarfi: ana salla a kan titi, wuri bai isa ba. Ba na ganin laifinsu. Amma in ka ga hoton tsohon masallacin, dole zuciyarka ta ɗan sosu. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, shin ba za a iya faɗaɗawa a bar ko da fuskar tsohon ba? Wannan tambaya ce da kowane kwamitin masallaci a Sabo ko Zango zai fuskanta wata rana.

Gidan Ruwa

A titin Kakawa akwai gidan iyalin Da Rocha, wanda ake kira Water House, wato Gidan Ruwa. João Esan da Rocha, wanda ya dawo daga Birazil, shi ya kafa gidan, ɗansa Candido da Rocha kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Legas na zamaninsa. Gidan ya samu sunansa ne saboda rijiyar da ke ciki, wadda ake sayar wa mutanen gari ruwanta a lokacin da ruwa mai daɗi ke wuya a tsibirin. Ruwan famfo na gwamnati bai zo ba sai da aka buɗe madatsar Iju a 1915, can kusa da mu a Agege. Duk lokacin da na ga 'yan'uwanmu 'yan garuwa suna tura kura a Legas, nakan tuna cewa sayar da ruwa tsohuwar sana'a ce a garin nan, har ta taɓa gina bene.

Kurkukun da ya zama wurin shaƙatawa

A titin Broad akwai tsohon kurkukun Turawan mulki, wanda aka gina da bulon da aka yo oda daga Ingila a 1885. Herbert Macaulay ya kwana a ciki, haka shugaban ma'aikata Michael Imoudu, haka Cif Obafemi Awolowo. Bayan an daina amfani da shi aka rushe yawancinsa, wurin ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari. Wani masanin zanen gini, Theo Lawson, ya kawo shawarar a mayar da shi wurin tunawa da tarihi. Aka buɗe shi a 2010 da sunan Freedom Park, daidai cikar Najeriya shekara 50 da 'yanci. An bar tsohuwar katangar, an nuna inda ɗakunan fursuna suke, inda ake rataye mutane kuma ya zama dandalin wasa. Wannan shi ne misalin da ya fi burge ni, domin ya nuna tsohon wuri zai iya ci da kansa, a sayi tikiti a shiga, ba sai ya zama kaya a wuyan kowa ba.

Obalende da Barikin Dodan

Yanzu mu zo kan namu. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, wanda daga baya ya yi gwamnan Legas, ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa, da yawansu bayi ne da suka kuɓuta. Ana kiransu Hausawan Glover. Daga wannan runduna ce sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa, 'yan sanda ma suna da tushe a cikinta. Unguwar Obalende ta taso ne a matsayin mazaunin irin waɗannan sojoji da iyalansu, bayan an tashe su daga inda suke da farko, kuma ana fassara sunan daga Yarabanci da cewa sarki ne ya koro mu nan. Ka lissafa da kanka: daga 1863 zuwa yau an haura shekara 160. Wanda ya ce maka Bahaushe jiya ya zo Legas, bai san Legas ba.

A gefen Obalende ne Barikin Dodan yake. Da ina yaro na ɗauka daga kalmar dodo aka samo sunan, ashe sunan wani fagen daga ne a ƙasar Bama, inda sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1966 barikin ya zama fadar shugabannin soja. Gowon ya zauna a ciki, Obasanjo ya yi mulki daga nan, haka Buhari da Babangida. A kan hanyar zuwa nan ne aka harbe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976. Baƙar Marsandin da yake ciki, da ramukan harsashi a jikinta, tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Na kai 'ya'yana sun gan ta, kuma ina ba kowane uba shawara ya yi haka. Gani ya kori ji.

Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta koma Abuja, sai manyan gine-ginen tarayya da yawa suka zama marayu. Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi ta yi shekaru a yashe. Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a 1960, yanzu akasari tashar mota da wurin biki aka san shi da su.

Layin dogo da Gidan Jaekel

Babu abin da ya kawo mu Kudu da yawa kamar jirgin ƙasa. Layin ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, aka haɗa shi da Kano a 1912. Shanu da gyaɗa da fata suka riƙa gangarowa, goro yana hawa. Zangon Agege da jirgi da goro ya bunƙasa, Sabon Ibadan kuma an kafa shi a 1916. A cikin harabar ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta akwai wani gidan bene na 1898 mai faffadar baranda, wanda ake kira Gidan Jaekel, da sunan wani Bature da ya daɗe yana aikin reluwe. Ƙungiyar Legacy, mai kula da kayan tarihi, ta gyara shi a 2010 ta mayar da shi ɗan gidan tarihi, akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi. In kakanka ta jirgi ya zo Kurmi, to wannan gida naka ne kamar yadda yake na kowa.

Me ya sa ake rushe su?

Na farko, tsadar ƙasa. Fili a tsibirin ya fi ginin da ke kansa daraja nesa ba kusa ba. Gida mai hawa ɗaya da ke kawo hayar ɗaki goma, in aka rushe aka yi filaza mai hawa biyar, shaguna ɗari za a samu.

Na biyu, gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina a 1890, yau jikoki da tattaɓa-kunne sun kai hamsin ko fiye. Babu mai sa kuɗinsa ya gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba. Sai mai kuɗi ya zo ya ce a ba shi filin na wasu shekaru, ya gina, ya ci haya, ya ba iyali kasonsu. Ga wanda ke neman kuɗin makarantar yara, wannan tayi ne mai wuyar ƙi, kuma bai kamata mu zage shi ba.

Na uku, yanayi da mugun gyara. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, damshi na cin katako, gara na ƙarasawa. Tsofaffin magina da farar ƙasa suke haɗa bulo, wadda ke barin bango ya sha iska ya bushe. In aka zo aka shafe shi da siminti, sai ruwa ya maƙale a ciki, bulon ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, tsoro, kuma tsoro ne mai dalili. Ranar 13 ga Maris 2019 wani bene da ke da makaranta a samansa ya rufta a Ita Faji, mutane kusan 20 suka rasu, da yawansu yara. Bayan haka gwamnati ta shiga rushe gidajen da aka sa wa alama. Rai ya fi gini, babu gardama. Sai dai a lura, yawancin benayen da ke ruftawa a Legas ba na zamanin Aguda ba ne, na baya-bayan nan ne da aka yi da ha'inci ko aka ɗora wa hawan da tushensu bai ɗauka ba.

Na biyar, gobara da tarzoma. A Oktoba 2020, cikin rikicin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS, an ƙona tsohuwar Babbar Kotun Igbosere, an kuma fasa fadar Oba an kwashi kaya.

Me doka ta ce?

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka ta 77 ta 1979, ita ke da ikon ayyana gini a matsayin na tarihi. In an ayyana, gidan yana nan na masu shi, amma ba su da ikon rushewa ko sauya masa kama sai da izini, kuma wanda ya saɓa akwai tara ko ɗauri. Jihar Legas ma ta yi tata dokar a 2011. Matsalar ita ce doka ta ɗaure hannun mai gida, amma ba kasafai ake taimaka masa da kuɗin gyara ba. Shi ya sa wasu iyalai ke ganin shiga wannan jeri kamar an ɗora musu jidali ne.

Mu kuma ina namu?

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. A gida ma ba mu tsira ba: a 2010 an rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti, badala kuma kullum ana cinye ta. To bare a nan, inda yawancinmu muke ɗaukar zaman kamar na wucin gadi, ko da an haifi kakan mutum a wurin. Muna tara kuɗi mu gina gida a garinmu, amma masallacin da kakanninmu suka kafa a Zango, da zauren Sarkin Hausawa na farko, da rumbunan goro, da maƙabarta, babu wanda ya rubuta shekarar da aka yi su. A Agege kowa ya san Pen Cinema, har gadar sama aka yi a wurin a 2021, amma sunan ne ya rage, silimar babu. Haka abubuwa ke ɓacewa.

Kuma wannan ba maganar ƙawa ba ce. Duk ranar da aka tashi faɗaɗa titi, ko sauya wa kasuwa mazauni, ko rikici ya taso aka fara tambayar wane ne ɗan gari wane ne baƙo, al'ummar da ke da tsohon masallaci mai tarihi a rubuce, da takardar fili, da hotuna, ita ake zama da ita a teburi. Wadda ba ta da komai sai labarin baka, sai a ba ta wa'adi.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Matasanmu masu waya su ɗauki hoton kowane tsohon gini a unguwarsu, ciki da waje. A zauna da dattawa a naɗi muryarsu: wa ya ba da filin, wa ya gina, wane liman ya fara ja. Kwamitocin masallatai da fadojin sarakunan Hausawa su nemo takardun filayensu su yi kwafi su adana a wuri fiye da ɗaya. In za a sabunta masallaci, a nemi masanin gini a tambaye shi abin da za a iya bari, ko da ƙofa ce ko mumbari ko allon da aka rubuta shekara. In kuma ka ga an kawo katafila gaban wani tsohon gini ranar hutu, kada ka ce ba ruwanka don ba na kabilarka ba ne, ka ɗauki hoto ka sanar. Ni na wuce Ilojo Bar ya fi sau dubu, amma ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Wanda ke da labarin wani tsohon gini a Sabon Ibadan, Shagamu, Abekuta, Anacha ko Fatakwal, ya rubuto a haɗa da wannan. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.